Sai Mai Addini Ne Kaɗai Mutumin Kirki?

Karatu: Farawa 20:1-18, Romawa 2:12-16

 Yau za mu ɗauki wata tambaya wadda matasa suke yawan kawowa, musamman waɗanda suka je manyan makarantu suka zauna da mutane iri iri. Tambayar ita ce, dole ne mutum ya zama mai addini kafin ya zama mutumin kirki? Waɗansu iyaye da zarar sun ji wannan sai ransu ya ɓaci, su ce yaron ya fara lalacewa. Amma yaron da aka tsawata masa aka hana shi amsa ba ya daina tambaya, sai dai ya kai ta wurin waɗansu. Gara mu zauna mu duba ta a natse, da Littafi Mai Tsarki a buɗe.

A ƙasarmu yawancin mutane sun riga sun yanke hukunci a kan maganar. A shekarar 2019 wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna Pew ta tambayi mutane a ƙasashe 34 ko dole ne a ba da gaskiya ga Allah kafin a zama mai halin kirki. A Nijeriya mutum 93 cikin ɗari suka ce dole ne. A Kenya 95, a Amurka 44, a Faransa 15, a Suwidin kuwa mutum 9 kacal. Watau idan muka tsaya a bakin ƙofar majami'a ko ƙofar masallaci muka yi wannan tambaya, kusan kowa zai amsa da baki ɗaya. Sai dai yawan masu faɗin magana ba shi ne yake tabbatar da ita ba. Bari mu ga abin da Maganar Allah ta nuna.

Mu fara da Ibrahim, uban masu bangaskiya. A Farawa sura 20 ya sauka a Gerar, ƙasar sarki Abimelek, ya ce wa mutanen wurin Saratu 'yar'uwarsa ce, ya ɓoye cewa matarsa ce. Sarki ya aika aka ɗauko ta. Da dare Allah ya zo wa Abimelek cikin mafarki ya faɗakar da shi cewa matar aure ce. Abimelek ya kāre kansa, ya ce da zuciya ɗaya ya yi abin da ya yi, gama mijin da matar duka sun faɗa masa magana guda. Allah kuwa bai ƙaryata shi ba, ya yarda cewa da zuciya ɗaya ya yi. Da gari ya waye sarkin ya kira Ibrahim ya yi masa faɗa, ya ce ya yi masa abin da bai kamata a yi wa mutum ba. Ku lura da wannan sosai. Wanda yake da alkawarin Allah shi ne ya ɓoye gaskiya, wanda ba shi cikin alkawarin shi ne yake koya masa abin da ya kamata.

Da aka tambayi Ibrahim dalilinsa, sai ya ce ya zaci babu tsoron Allah a wurin ko kaɗan, za su kashe shi saboda matarsa. Ashe zato ne ya kai shi. Ya dubi garin da ba a yi wa Allah sujada yadda shi yake yi, ya yanke cewa ba mutumin kirki a ciki, wannan zato kuwa ya jefa matarsa cikin haɗari, ya kusa jawo wa gidan sarki duka masifa. Ba kuwa karo na fari ke nan ba, ya taɓa yin haka a Masar a sura 12, ɗansa Ishaku kuma ya maimaita a sura 26. Abimelek ya mayar da Saratu, ya haɗa da tumaki da shanu da barori da azurfa 1,000, ya kuma ce wa Ibrahim ya zauna duk inda ya ga dama a ƙasar. Idan muna neman wanda ya nuna mutunci a wannan sura, ba sai mun wahala ba.

Wani zai ce, ai Abimelek yana da nasa irin tsoron Allah, tambayar matasa kuwa a kan wanda ba ruwansa da addini ne sam. Daidai ne. A nan ne Manzo Bulus yake taimakonmu. A Romawa 2:14-15 ya yi magana a kan al'ummai waɗanda ba a ba su Shari'ar Musa ba, ya ce sukan yi abin da Shari'a ta umarta bisa ga halitta, domin aikin Shari'ar a rubuce yake a zuciyarsu, lamirinsu yana ba da shaida, wani lokaci ya kā da su, wani lokaci ya kāre su. Bulus bai ce sai sun shiga haikali lamirin yake fara aiki ba. Da shi aka haife su. Ubangiji Yesu kansa ya ce ko mugaye sun san ba 'ya'yansu kyawawan abubuwa (Luka 11:13), masu zunubi ma sukan kyautata wa masu kyautata musu (Luka 6:33). Sa'ad da jirgin Bulus ya fashe, mutum 276 suka fita da rai a tsibirin Malita, mutanen da ba su taɓa jin bishara ba ne suka hura musu wuta cikin ruwan sama da sanyi, Luka kuwa bai ji nauyin rubuta cewa sun yi musu alheri matuƙa ba.

Ba sai mun tafi nesa neman misali ba. Dattawa cikinku za su tuna da Tai Solarin, mutumin Ikenne a ƙasar Yarbawa, wanda ya rasu a 1994. Bai ɓoye ba, ya faɗa a fili cewa bai gaskata da Allah ba. A 1956 shi da matarsa Sheila suka kafa makarantar Mayflower, inda aka koya wa yara aikin hannu da dogara ga kai tare da karatu. Ya yi ta yawo da gajeren wando na kaki, ya sha ɗauri a hannun gwamnatocin soja saboda faɗin gaskiya a kan masu mulki. Ba mu yarda da abin da ya faɗa game da Allah ba, ko kusa. Amma duk wanda ya ce mutumin nan bai damu da talaka ba ya yi masa ƙarya, ƙarya kuwa zunubi ce ko a kan marar bi aka yi ta.

Ko harshenmu ma yana ba da shaida. Wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya ba da lacca a 1973 a kan abin da Bahaushe yake nufi da mutumin kirki, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Yawan ibada bai fito a lissafin ba. Kakanninmu da yawa, tun bishara ba ta iso ƙauyukansu ba, sun san a yi wa gwauruwa gayya, sun san baƙo ba ya kwana da yunwa, sun san wanda ya ci amana ya zubar da mutuncin gidansu.

To, yanzu mu juya tambayar. Addini yana mai da mutum na kirki? A nan Littafi Mai Tsarki ya fi mu tsanani. Annabi Amos ya faɗa wa Isra'ila cewa Allah ya ƙi idodinsu da waƙoƙinsu, domin suna tattake matalauta suna karɓar hanci a wurin shari'a. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa akwai fasikanci a cikinsu irin wanda ko al'ummai ba sa yi. Yakubu ya ce ko aljanu sun gaskata Allah ɗaya ne. Amma misalin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na Markus sura 7. Akwai wata al'ada da ake kira Korban, watau abin da aka keɓe wa Allah. Mutum yana da tsofaffin iyaye masu bukata, sai ya furta cewa dukiyar da zai taimake su da ita ya riga ya keɓe ta ga Allah, daga nan malaman Attaura ba za su ƙara barinsa ya yi wa iyayen kome da ita ba. Marar addini da ya ƙi iyayensa, kowa ya san sunan abin da ya yi, shi ma ya sani. Wannan kuwa ya ƙi iyayensa, ya kuma tafi gida yana jin ya yi wa Allah hidima. Haɗarin da ke cikin addini ke nan, yana iya sa wa mugunta farar riga. Mu ma mun san mutumin da sunansa ba ya ɓacewa a jerin masu ba da babban baiko, alhali mahaifiyarsa a ƙauye ɗakinta yana yoyo.

Kun san misalin Basamariye, yadda firist da Balawe suka ratse suka bar wanda 'yan fashi suka yi wa rauni a hanyar Yariko. A 1973 waɗansu malaman jami'a biyu a Amurka, John Darley da Daniel Batson, suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗalibai 40 na makarantar tauhidi ta Princeton, watau masu shirin zama fastoci. Aka ce wa kowane ɗalibi ya tafi wani gini ya yi ɗan jawabi, waɗansu ma a kan misalin Basamariyen aka ce su yi magana. A hanya aka ajiye mutum a zaune a rakuɓe, kansa a sunkuye, yana tari yana nishi. Cikin waɗanda aka ce musu suna da sauran lokaci, 63 cikin ɗari suka tsaya su taimaka. Cikin waɗanda aka ce musu sun makara, 10 cikin ɗari ne kawai. Kan maganar da za su yi bai kawo wani bambanci mai yawa ba. Mu da muka bi ta makarantar tauhidi ba ma jin daɗin wannan labari, amma yana da amfani a sani: mutum yana iya riƙe da wa'azin jinƙai a kansa ya tsallake mai bukata, don kawai yana sauri.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne Ruwanda. Kafin 1994 kusan mutum 90 cikin ɗari na ƙasar suna amsa sunan Kirista. Cikin kwana kamar 100, daga Afrilu zuwa Yuli na wannan shekara, aka kashe mutum wajen 800,000, yawancinsu 'yan kabilar Tutsi. Dubbai sun gudu cikin majami'u suna tsammani ba mai taɓa su a can, a can ɗin kuwa aka kashe su. A Nyange aka rushe ginin majami'a da katafila a kan mutum aƙalla 1,500. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta sami limamin wurin, Athanase Seromba, da laifi a 2006, a 2008 aka mai da hukuncinsa ɗaurin rai da rai. Kada wani ya ce ai wannan ɗarikar wasu ce, gama kotun nan ta ɗaure wani fasto na wata ɗarika dabam, Elizaphan Ntakirutimana, a 2003. A 2017 Paparoma Francis ya roƙi gafarar Allah saboda zunubai da kāsawar Ekklesiya a wannan kisa. Mutanen da suka ɗauki adda a lokacin, da yawansu an yi musu baftisma, sun san waƙoƙin sujada.

A gida kuma, ƙungiyar Transparency International takan auna yadda ake ganin cin hanci a ma'aikatun gwamnati, maki 100 shi ne mafi tsabta. A 2023 Suwidin ta sami 82, Nijeriya ta sami 25. Ku tuna da alƙaluman da muka fara da su, 9 da 93. Ba mu ce addini ne ya kawo cin hanci ba, akwai talauci da raunin hukuma da sauran dalilai. Amma matasanmu suna ganin waɗannan abubuwa, ba kuwa za mu iya rufe musu ido da tsawa ba.

Daga nan waɗansu sukan yi tsalle su ce, ashe ke nan ba a bukatar Allah. Sun yi gaggawa. Mu koma Farawa 20 aya 6. Bayan Allah ya yarda da zuciya ɗaya ta Abimelek, ya ƙara da cewa shi ne ya hana shi yin zunubin. Abimelek bai san haka ba, yana tsammani halinsa ne kawai, ashe akwai hannun da ya riƙe shi. Masanan tauhidi da suka bi sawun John Calvin suna kiran wannan alheri na kowa da kowa, domin a bambanta shi da alherin ceto. Kamar yadda Allah yake sa rana ta fito wa mugaye da nagargaru, ruwa ya sauka a gonar mai adalci da ta marar adalci (Matiyu 5:45), haka yake rarraba lamiri, da tausayi, da ƙaunar 'ya'ya, da kunyar aikata abin ƙyama. Manomin da ya ce babu Allah, gerosa yana tsirowa da ruwan da bai san inda ya fito ba. Saboda haka idan aka ce mana Kwanfushiyas na ƙasar Sin, shekara wajen 500 kafin haihuwar Almasihu, ya koyar da kada ka yi wa wani abin da ba ka so a yi maka, ba abin da zai tayar mana da hankali. Abin da Romawa sura 2 ta ce mu sa ran gani ke nan.

Akwai kuma tambayar da marar addini yakan sha wuyar amsawa. Ya san zalunci mugun abu ne, mun yarda ya sani, wani lokaci har ya fi mu jin zafinsa. Amma me ya sa yake mugu ko da dukan gari sun amince da shi, ko da ba wanda zai taɓa ganewa? Masu ilimi cikinsu suna da amsoshi, waɗansu sun ce zaman tare ne ya koya mana, waɗansu sun ce hankali ne. A ganinmu waɗannan suna bayyana yadda muka san doka, ba su faɗi wanda ya kafa ta ba. Mu kam muna cewa mutum yana da daraja domin cikin siffar Allah aka yi shi, shi ya sa ba gwamnati ko kabila da za ta iya soke darajar.

Kada kuma mu manta, cikin Ruwandan nan akwai Felicitas Niyitegeka, 'yar kabilar Hutu, ma'aikaciyar Ekklesiya a Gisenyi. Ta ɓoye 'yan Tutsi, ta taimaki waɗansu suka ƙetare iyaka. Ɗan'uwanta, babban hafsan soja, ya aika mata ta gudu, ta ƙi barin waɗanda suke hannunta, aka kashe ta tare da su cikin Afrilu 1994. Bangaskiya ce ta tsayar da ita. A ƙauyen Nghar kuma, cikin Barikin Ladi a Jihar Filato, ran 23 ga Yuni 2018, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya hana su shiga. Wanda yake so ya lissafa muguntar da aka yi da sunan addini, sai ya lissafa waɗannan su ma.

Sauran abu guda, shi ne mafi girma. Kalmar kirki tana da ma'auni biyu. Akwai mudun kasuwa wanda muke auna juna da shi, a wannan mudu mai bi da marar bi duka suna iya cikawa, suna kuma iya kāsawa. Akwai kuma ma'aunin Allah. A Markus sura 10 wani mai arziki ya zo wurin Yesu a guje ya kira shi Malam managarci. Yesu ya nuna masa cewa nagarta ta Allah ce shi kaɗai. Mutumin ya ce ya kiyaye dokoki tun yana yaro, Yesu bai ce ƙarya yake yi ba, Markus ma ya ce ya dube shi ya ƙaunace shi. Ga mai addini, ga kuma mutumin kirki, duka a jiki ɗaya. Duk da haka ya tafi da baƙin ciki, domin akwai abin da ya fi Allah daraja a zuciyarsa. A ƙarni na biyar an yi babbar muhawara a kan wannan. Pelajiyus ya koyar da cewa mutum yana da ikon cika nufin Allah idan ya ƙudura. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya ce ɓarnar zunubi ta kai har cikin nufin mutum, sai alherin Allah ne zai warkar da shi. Majalisar Ekklesiya a Kartaj ta goyi bayan Agustin a shekarar 418. Wannan hukunci bai ware masu zuwa sujada ba. Romawa sura 3 ta sa Bayahude mai Shari'a da Ba'al'umme marar Shari'a a layi ɗaya.

Shi ya sa bishara ba ta zo domin ta ƙara yawan masu addini ba, gama duniyar da Yesu ya shigo cike take da su. Ta zo da gafara da sabuwar zuciya, kyawawan ayyuka kuwa su biyo baya kamar 'ya'yan itace (Afisawa 2:8-10). Wani lokaci 'ya'yan sukan yi jinkiri ƙwarai. John Newton ya fara juyowa ga Allah a 1748 cikin hadari a teku, amma ya ci gaba da aikin jirgin bayi har 1754, sai a 1788 ya fito fili ya rubuta a kan muguntar cinikin. Shekara 40 ke nan. Idan kuwa za a gwada, kada a gwada Kirista mai zafin rai da marar bi wanda aka haifa da sanyin hali. A gwada mutumin da yadda yake kafin ya sadu da Almasihu. Idan shekara 20 ta wuce matarsa da maƙwabtansa da masu binsa bashi ba su ga wani bambanci ba, to, akwai abin dubawa.

Iyaye, idan ɗanku ya ce ya ga mutanen kirki waɗanda ba sa zuwa ko'ina sujada, ku ce masa gaskiya ne, ku buɗe masa Farawa 20 ku nuna masa Allah ya riga shi faɗa. Idan kun ce masa duk na waje mugaye ne, ranar da wani marar bi ya yi masa alheri zai fara shakkar sauran abin da kuka koya masa. Mu da muke jin zafi sa'ad da aka kira mu arna, bai kamata mu riƙa jifan waɗansu da irin wannan kalma ba. Haka nan sa'ad da za a zaɓi ma'ajin Ekklesiya, ko za a ba da 'ya aure, ko za a jefa ƙuri'a, katin baftisma da iya addu'a da babbar murya ba su isa shaida ba. A tambayi waɗanda suka taɓa ba shi ajiya. Bulus ma da yake lissafa sharuɗan shugaban Ekklesiya a 1 Timoti sura 3, ya ce dole ya kasance da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda suke waje, watau ya amince cewa na wajen suna iya gane mutumin kirki idan sun gan shi.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba Karniliyus, jarumin soja na Roma, mutum mai ibada da yawan sadaka, wanda duk da haka aka ce ya aika a kira masa Bitrus. Ku karanta Ayyukan Manzanni sura 10 da 11 kafin lokacin. Ubangiji ya kiyaye ku.